Keken Kwanso da Maganar Zango

Kakanninmu da kwana suke auna nisa. In ka tambayi tsoho a Matankari nisan Argungu ko na Gaya, ba zai kawo maka lissafin kilomita ba, cewa zai yi kwana kaza ne ga mai jaki, kwana kaza ga mai ƙafa. Mu kuwa ɗaliban yau da kuɗin mota muke auna shi. Yamai tana kusa ranar da kuɗin bursu suka fito, tana can bangon duniya ranar da aljihu ya bushe. Tsakanin Dogon Dutsi da Yamai akwai kilomita kusan 275, amma da yawanmu ba mu san komai a kansu ba sai wuraren da direba ke tsayawa a sayi tsire da ruwan leda. Muna ratsa ƙasarmu kamar buhun da aka ɗaure a saman mota.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani irin keke da na jima ina karatu a kansa. Faransawa suna ce masa belomobil. Ni na raɗa masa keken kwanso, don da ka gan shi abin da zai faɗo maka a rai ke nan: kwanson gyaɗa babba mai taya uku. Mutum yana shiga ciki ya kishingiɗa, ƙafafunsa a gaba kan feda, kansa kaɗai ke leƙowa waje, wani ma har kan a rufe yake. Kwanson ba ado ba ne. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san cewa mafi yawan ƙarfin mai keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya wajen ture iska yake ƙarewa. Kwanson nan tsaga iskar yake yi kamar yadda kifi ke tsaga ruwa, shi ya sa ƙarfin da zai ba ka gudun kilomita 25 a awa kan keken da muka sani zai iya ba ka 35 ko fiye a cikinsa.

Abin ba sabo ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Charles Mochet ya ƙera irinsa tun shekarun 1920, ya sa masa suna Vélocar, mutanen da ba su da kuɗin mota suka riƙa saye. Daga baya ya ƙera na kishingiɗe mai taya biyu, wanda Francis Faure ya hau a Faris a 1933 ya ci kilomita 45 cikin awa guda, abin da babu mai keken da ya taɓa yi kafin nan. Hukumar tseren keke ta duniya ta ga abin zai ɓata mata wasa, sai ta fitar da irin wannan keke daga gasanninta a 1934. A 1980 wani injiniya ɗan ƙasar Danmak, Carl Georg Rasmussen, ya farfaɗo da shi da samfurin da ya kira Leitra. Yau mutanen Holan da Jamus ne suka fi shahara da hawansa.

Sai kuma aka ƙara masa ƙaramin inji mai aiki da batir. Dokar Tarayyar Turai ta ce injin kada ya wuce ƙarfin wat 250, kada ya yi aiki sai mutum yana taka feda, kuma ya ɗauke hannu da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Wato ba babur ba ne. Kamar abokin tafiya ne da ke dafa maka baya a hawan tudu, in kun fito fili ya sake ka. Da irin waɗannan kekuna wasu ke ɗaukar tanti da ƴar tukunya da bargo su yi makonni a hanya, inda dare ya riske su nan ne gida. A 2011 wani ayarin masu keken kwanso ya ratsa Amurka daga Portland zuwa Washinton, kilomita kusan 5,000 cikin mako huɗu. Akwai kuma gasar da ake kira Sun Trip, wadda Florian Bailly ya ƙirƙiro: kowa da kekensa da farantin hasken rana, kuma an hana a yi cajin batir da wutar gari. A 2013 sun tashi daga Faransa zuwa Astana ta Kazakistan. A 2018 sun tashi daga birnin Liyon zuwa Guwanju ta ƙasar Sin, kilomita kusan 12,000, wanda ya zo na ɗaya, ɗan ƙasar Beljiyam ne mai suna Raf van Hulle, ya isa cikin kwana kusan 45 ba tare da ya sayi ko ɗigon mai ba.

Wannan magana ta “ko ɗigon mai” ita ta kama ni, don mu nan mun san abin da mai ke nufi. Shekara da shekaru baburan Arewa da man kwalba suke tafiya, wanda ke tsallako iyaka daga Najeriya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, kafin a ce kwabo kwalbar bakin hanya ta yi tsalle, kuɗin kabu-kabu ya bi ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekarar aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da ke zo mana daga Birnin Kebbi, alhali ita ce mafi yawan wutar da ƙasa ke sha. Ko da gwamnati ta sauke farashin lita daga sefa 540 zuwa 499 a 2024, ba a jima ba muka ga layin gidajen mai na watan Maris 2025, ga matatar SORAZ ta Damagaram ba ta iya ƙosar da kowa. Duk wanda ya ga waɗannan shekaru ya gane cewa ƙafarmu a hannun wasu take. Abin hawan da rana da cinya za su tura shi ba abin wasan Turawa ba ne kawai a idona.

Na nuna wa kawuna hoton keken kwanso a waya. Shi mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa bisa keke Rali, yana kai wake da gyaɗa wajen Bacaka da Kangiwa, yana komowa da atamfa da sabulu. Ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa, ya yi shiru, can ya ce:

“Ɗana, wanga abu mi ne ne? Makara ce anka sa ma taya?”

Na ce, “Kawu, keke ne. Har ƙasar Sin ana zuwa da irinsa.”

Ya ce, “To, ina za ka aza buhun hatsi? In kuma ka iske rairayi, wa ka ɗaukar wani, kai ko shi?”

Dariya muka yi, amma tambayoyin nan biyu sun gama da keken kwanso a ƙasar Arewa. Cikinsa dab da ƙasa yake, tazarar ba ta kai tafin hannu ba. A kan gudron daga Dutsi zuwa Doso zai yi gudu abin sha'awa in ya tsira daga ramuka da manyan motocin da ba za su hango shi ba. Amma a sauke shi hanyar ƙauye cikin Dallol Mawri, inda amalanken shanu suka tona layi biyu suka bar tudun rairayi a tsakiya, nan zai zauna kamar kunkurun da aka ɗora a kan turmi. Ga tsaida da ƙayar aduwa masu jiran taya. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, mutum kuma a rufe cikin kwanso, shi ma batirin ba ya son a yi masa caji cikin irin wannan zafi. Sai kuɗi: sabo yana kaiwa Yuro 8,000 ko fiye, Yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, ka ga an haura miliyan biyar. Da wannan kuɗi a garinmu sai a yi aure, a sayi shanun noma, a kuma samu canji.

To, kwanso dai ba namu ba ne. Amma in an fasa gyaɗa ba kwanson ake ci ba. Abin da ke ciki shi ne keke, ƙaramin inji a cibiyar taya, batir da faranti. Batirin da aka saba sa wa keke yana riƙe wuta kimanin wat 500 na awa guda, abin da zai taimaki mai taka feda ya ci kilomita 50 zuwa 60 in bai cika masa kaya ba. Faranti mai wat 100, irin wanda masu cajin waya ke jinginawa a bakin kasuwa, zai iya cika wannan batir ko ya kusa cikin wuni guda na ranarmu. Rana kuwa ba mu roƙe ta wurin kowa ba. Ita ce ke aiki a tashar Malbaza tun 2018 da ta Gorubanda tun 2023. Masu walda da masu gyaran babur na Dutsi da suka iya tayar da Kasea ɗin da ya mutu sau uku, ban ga abin da zai gagare su a nan ba in kayan sun iso hannunsu. Wanda zai fi morar abin ma ba mai yawon buɗe ido ba ne. Malamin lakwal ne da aka tura ƙauye mai nisa, da yarinyar da ke taka ƙafa zuwa kwaleji kullum, da mai lambun da ke kai dankali kasuwa.

Duk da haka, da na ƙara tunani sai na ga ba inji ne babbar magana ba. Tafiya mai nisa ƙafa biyu gare ta: abin da zai kai ka, da inda za ka kwana. Bature ya warware ta biyun da tanti. Yana ɗauke da ɗakinsa a bayansa, ya kafa shi a filin da aka keɓe, ya biya, ya kwana, ba sai ya yi wa kowa sallama ba. Mu kuwa tuntuni muke da tamu hanyar, sunanta zango. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, madugu a gaba, jakuna a jere, kuma kowane wuni an san inda za a yada zango, an san rijiyar, an san wanda za a gaisar. Masu ɗauko gishirin Foga haka suke yi. Kalmar ta bi su har ta zama sunan unguwa: akwai Zango a Yamai, akwai a Kumasi, akwai Sabon Zango a Ankara ta Gana. Kayan zango ba su da nauyi, tabarma ce da buta da ɗan guzuri. Abin da ya riƙe shi shi ne yardar mutanen da ka sauka wurinsu.

Na ɗanɗana wannan da kaina a wani hutun hunturu, lokacin da ni da abokina muka ce sai mun je Doso da keke daga Matankari. Kekunan aro ne. Muka ɗaure tabarma da bargo a kariya, muka ɗauki famfo da kayan faci, da ƙuli-ƙuli da garin rogo da jarka ƙarama. Mun fita bayan sallar asuba, hantsi bai yi ba muka bar duwatsun Dutsi a bayanmu, don tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 20 ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma kudu muka nufa, sai ta zama tana tura mu. A wannan gudu na keke ne na fara ganin abubuwan da na wuce sau ba adadi a mota ban gani ba: inda ƙasa ke sauya launi daga ja zuwa fari, inda gawo ke yawa a gonaki da ganyensa shar a tsakiyar rani, rumbunan da suka cika da waɗanda ba su cika ba. Yara suna bin mu da gudu, mata a bakin rijiya suna ce mana sannu da hanya. Mai mota ba ya samun wannan sannun, kafin a buɗe baki ya wuce.

Magariba ta riske mu a wani ƙauye bayan mun wuce Kore Mairuwa. Muka jingina kekuna a bangon masallaci, muka yi alwala muka bi jam'i. Da aka sallame sai muka ga ba wanda ya tashi. Wani dattijo ya juyo ya ce:

“Samari, daga ina? Ɗiyan wa ne ku? Mi ya kawo ku da dare?”

Abokina ya ce, “Baba, ɗalibai ne mu, daga Matankari muke, Doso za mu. Wurin kwana muke roƙo.”

Aka kai mu wurin mai gari. Aka haska katinmu na ɗalibai da tocila, aka kwance ƙunshin tabarmarmu aka duba. Aka tambaye ni unguwarmu da sunan kakana, Allah ya sa wani a cikinsu ya taɓa cin kasuwa da shi. Daga nan fuska ta sake. Aka kawo fura a ƙwarya, aka kawo tuwo da miyar kuka, aka share mana zaure. Muna cikin ci dattijon nan ya zauna kusa da mu ya ce:

“Ku yi haƙuri, ɗiyana. Da can baƙo sai ya ci ya sha kahin a tambaye shi sunanshi. Yanzu zamani ya sa sai mun tambaya. Ba mu so, amma mun ga abin da munka gani.”

Ban ga laifinsu ba. Arewa ta san cewa ba kowane baƙo ne alheri ba tun 1899, lokacin da ayarin Voulet da Chanoine ya ratso ta nan da bindigogi, ya sauka Matankari, ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, ya wuce ya yi ɓarnar da ya yi a Birnin Ƙonni. Yau kuma wani tsoron ne daban, na mutanen da ke fitowa daga daji bisa babura. A jihar Tilaberi abin ya kai har aka hana hawan babur a wurare da dama tun farkon 2020, talaka mai kai mara lafiya asibiti ya biya bashin da bai ci ba. Mu ma nan akwai hanyoyin da iyayenmu suka bi da dare suna waƙa, yau ko da rana sai an yi tambaya kafin a bi. Wanda ya kafa tanti shi kaɗai a bayan gari a irin wannan lokaci, ya jawo wa kansa zargi ko abin da ya fi zargi.

A nan ne na ga wata daraja ta keke da ban taɓa lura da ita ba. Babur yana shigowa gari da ƙara da ƙura, kafin a gane fuskar mai shi ya iso tsakar gari, shi ya sa gaban mutane ke faɗuwa. Mai keke tun daga nesa ake ganinsa, yana tafe yana gumi, ana ƙare masa kallo kafin ya sauka. Ba ya iya tserewa kowa, kowa kuma ya san haka. Ina jin da a kan babur muka iso ƙauyen nan, da tambayoyin sun fi haka tsawo. Injin da ke tsayawa a kilomita 25 bai ɓata wannan ba, yana rage maka wahala ne kawai ya bar ka a gudun da za a iya amsa sallamarka. Wahalar kuwa gaskiya ce. Mun isa Doso a wuni na biyu da la'asar, amma a komowa iskar da ta tura mu ita ta tare mu gaba da gaba, tafiyar kwana biyu ta zama ta uku, leɓe ya tsage, cinya ta yi tsami. A wannan komowar da an ba ni ɗan injin nan da na yi wa mai shi addu'a har ƙarshen shekara.

Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Mu da muke kiran kanmu marubuta, me za mu rubuta a kan Arewa in iyakar saninmu da ita tashar mota ce da tagar bas? Nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa Bagaji suka ji tarihin sarautar Baura daga bakin mutanen garin? Nawa suka taka Lugu, ba a littafi ko fim ba? Wa ya san Dogon Kirya ko Sukukutan, ko Gesheme da Dumega a can kudu? Akwai kuma abin da ya fi rubutu muhimmanci. Zango yana rayuwa ne in ana sauka. In matasan kirki suka daina zuwa ƙauyuka suna sallama suna kwana, ranar tana zuwa da baƙon da ƙauye zai sani shi ne mai bindiga kaɗai, kuma yaron da ya tashi a haka ba zai share wa kowa zaure ba in ya girma. Wannan asara ce da ba farantin da zai yi mata caji.

Don haka ga shawarar da nake kawo wa ƴan'uwa na wannan ƙungiya. In Allah ya kai mu hunturu mai zuwa, mu samu kekuna biyar ko shida, ko na aro ne, mu yi zagayen kwana huɗu: Matankari, Bagaji, Lugu, Dankasari, mu komo ta Dutsi. Kafin mu tashi mu nemi shawarar manya da hukuma a kan hanya, inda suka ce kada a bi mu bar shi, ba jarumta za mu nunawa ba. Mu aika wa masu gari saƙo tun da wuri ta hannun ɗaliban da suka fito daga can. Tafiya da rana kawai, la'asar ta same mu a masauki. Kowa ya riƙe katinsa, mu kuma riƙe goro da sukari da ganyen shayi na gaisuwa, kada mu zama nauyi a kan gidan da rumbunsa bai cika ba. In akwai ɗalibin fasaha a cikinmu da zai iya haɗa inji da batir a keke ɗaya, da ɗan faranti a kariya, mu gwada mu ga kilomita nawa zai ci a rairayin Dallol, mu rubuta lissafin yadda yake. Kowa kuma ya komo da shafi biyu a kan garin da ya kwana da mutanen da suka ba shi ruwa, mu haɗa su su zama ɗan littafinmu na gaba. Wanda ke da niyya ya fara duba tayarsa tun yanzu, ya kuma koyi faci wurin masu gyara, don tsaida ba ta san ɗalibi ba.